Ɗiyar Mai Ƙaguwa

Ƙarfe shida muka bar gaɓar Punta Arenas,
baƙi goma sha huɗu, ni ce jagora,
Rosalba Oyarzo, ɗiyar mai kamun ƙaguwa.
Disamba ce, wai lokacin ɗuminmu ke nan,
amma iska na yankan kunne kamar aska,
rana kuwa ba ta faɗuwa sai goman dare.

Takardar kamfani ta yi musu alkawari:
tsuntsayen fengwin dubu bisa dubu,
zakunan teku kwance a kan dutse,
tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya,
in da rabo, ƙaton kifin nan mai feshin ruwa.
Kowa ya riƙe tasa kamar mai bin bashi.

Tun ba mu ga tsibirin ba ya iso mu ta hanci,
warin kashi da ruɓaɓɓen kifi.
Mai jar hula ya toshe fuska da gyale,
ya ce ba a rubuta wannan a takarda ba.
Na ce da shi, ai wannan gyara ce, ba kuɗinka a ciki.

Sa'a ɗaya doka ta ba mu.
Ga igiya dama, ga igiya hagu,
kada a taɓa, kada a ciyar, kada a tsuguna bakin rami.
In mai gida ya zo tsallaka hanya, a tsaya masa,
shi ke da takardar filin.
Ga shi kuwa, yana tafe yana rangaji
kamar dattijon da takalmi ya matse,
ya ɗaga baki sama ya saki kukan jaki,
matarsa ta amsa daga cikin ƙasa.
Baƙi suka fashe da dariya, wayoyi suka tashi.
Gani ya kori ji.

Wata tsohuwa daga Osaka, Chiyoko,
ita kaɗai ba ta ɗauki hoto ba.
Ta kama hannun rigata ta ce,
tun yaushe kike son tsuntsayen nan haka?
Na ce tun ina ƙarama. Ban yi ƙarya ba,
sai dai na ba ta rabin zance.

Ragowar na wurin babana, Eleuterio.
Shekarun da nama ya fi ƙarfin aljihu,
tarkon ƙaguwa ɗari na jiran ƙoto,
da dare yakan sauka tsibiri irin wannan
da buhu da sanda.
Ni ke riƙe masa fitila, ina da shekara tara.
Ba su gudu. Abin da na kasa mantawa ke nan.
Karkata kai suke, su dube ka da ido ɗaya,
su sake karkatawa, su dube ka da ɗayan.
Da kuɗin ƙaguwar aka saya mini littafi,
da littafin na koyi yaren da nake yi wa baƙi,
ina cewa, don Allah kada a taɓa.

Ƙaton kifin bai fito ba yau.
Mai jar hula ya ja layi a takardarsa, ya tsuke baki.
Tonina biyu, fari da baƙi, suka raka mu rabin hanya,
babu su a alkawari, ba wanda ya biya.
Baƙo raɓa ne, kafin yamma duk sun watse.

A gida baba na gaban murhu, gwiwoyi a kumbure.
Ba ya tambayar kuɗi, ba ya tambayar baƙi.
Kullum abu ɗaya: ramukan gefen hasumiya,
akwai masu su bana?
Na ce wasu a cike, wasu ciyawa ta rufe.
Ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba sukari,
sannan ya ce, gobe iskar yamma za ta tsananta,
ki ɗaure jirgin da igiya biyu.